Gwangwani ba abin kunya ba ne a tukunyar Ɗan Issa

Tsofaffin garinmu suna da wata magana da suke yi duk lokacin da suka ga an aiki yaro kanti sayen tumatirin gwangwani: wai matan yanzu sun kashe zuciya, ba sa son daka, ba sa son niƙa, komai sai a buɗe ƙarfe a juye. Uwar mijina ma tana cikinsu, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ni malamar lakwal ce a nan Ɗan Issa, kuma da dukkan girmamawa ban yarda da su ba. Wanda bai taɓa tashi daga aji da tsakar rana ya tarar da yara sun zagaye murhu da kwanoni ba, bai kamata ya yanke hukunci a kan gwangwani ba.

Kowa ya san yadda tumatir yake a ƙasar nan. Da sanyi, idan masu noman rani na Jiratawa da bakin gulbi da Jibiya suka fara kwasa, sai ka ga kwando a bakin hanya yana neman mai ɗauka, har ya ruɓe. Da damina ta kankama kuwa sai ya zama kayan gabas, ƴan ƙwayoyi huɗu a faranti, rabinsu sun sha ruwa, kuɗinsu ya isa cefanen yini. A irin wannan lokaci ƙaramin gwangwani mai giram 70 yana yi wa mace miyar gida guda. Wannan lissafi ne, ba lalaci ba.

Akwai kuma lissafin da maza ba sa yi, wato na itace. Ɗanyen tumatir sai an niƙa, an ɗora, an jira ruwansa ya tsane kafin a fara soya shi. Duk wannan wuta ce. Itacen nan da muke ƙonawa daga daji yake zuwa, kuma dajin Babban Rafi da ya daɗe yana ciyar da murhunan Maraɗi ba ƙaruwa yake ba. Mai gas ma ta san tukunyar gas ba kyauta ake cika ta ba. Tumatirin gwangwani an riga an tsane shi tun daga masana'anta. Abin da yake buƙata kawai a soya shi cikin mai da albasa har tsaminsa ya mutu, launinsa ya yi duhu. Wadda ta zuba shi cikin ruwa kai tsaye ita ce take jawo masa zagi, don miyarta za ta fito da tsami da ƙarnin ƙarfe.

Ga abin da nake yi ranar da lokaci ya ƙure. Wake nake jiƙawa tun da asuba kafin in fita, don jiƙaƙƙen wake ba ya cin itace. Idan na dawo sai in ɗora shi da shinkafa, a gefe in soya albasa da tattasai da cokali biyu na tumatir, in buɗe kifin gwangwani guda, in farfasa shi a ciki da mansa gaba ɗaya. Man da ke cikin gwangwanin yana rage mini man da zan zuba. Daddawa kaɗan, sai zogale da aka tafasa a watsa a kai. Gwangwanin sardin giram 125 ne kawai, ba zai ƙosar da mutum ɗaya ba in an ba shi shi kaɗai, amma in ya narke cikin miya kowa a gidan ya samu rabonsa, har autan da kullum manya suke cinye masa tsokar nama. Wata rana taliya ce maimakon shinkafa. Wata rana kuwa ko wuta ba na hurawa sosai: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da garin rogo, a murmushe sardin a ciki. Uwar mijin nawa da take zagin gwangwani ba ta taɓa mayar da kwanon wannan kwaɗon da saura ba.

Mutane da yawa suna tsoron wai sinadari ne ya hana abincin lalacewa. Ba haka abin yake ba. Dabarar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ya wallafa ta a 1810, da kwalabe ma ya fara: a zuba abinci, a toshe shi yadda iska ba za ta shiga ba, a dafa shi da zafi mai tsanani har ƙwayoyin cuta su mutu. Muddin marufin bai ɓule ba, abin yana nan. Wannan dafuwar ce take sa ƙayar sardin ta yi laushi har a tauna ta, kuma a cikin ƙayar nan sinadarin ƙarfin ƙashi yake. Don haka mai zare ta ta jefar, abin da ya fi amfani ta jefar. Tafkin Madarumfa yana kusa, gaskiya ne, kuma ɗanyen kifi ko banda sun fi daɗi. Amma ba kullum ake samu ba, ba kuma kowane aljihu ke kaiwa ba.

To, ban ce a rungumi gwangwani ido rufe ba. Gishiri ne matsala ta farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kifin gwangwani da gishirinsa yake zuwa. Mu kuma sai mu ƙara dunƙulen magi uku, mu ƙara gishirin hannu, sannan mu yi mamakin yadda hawan jini ya cika gidaje. Ranar da sardin ya shiga tukunyata, magi ɗaya ne, sauran aikin daddawa ta yi.

Ta biyu ta fi tayar mini da hankali, domin a kan ƴan talakawa take faɗawa. Mai ɗan tebur yana buɗe babban gwangwanin tumatir, irin mai fiye da kilo biyu, yana sayarwa cokali-cokali a leda. Ban ga laifin sana'ar ba, ita ce take ba mai dala goma damar yin miya. Amma gwangwanin da aka buɗe ya daina zama gwangwani. A zafin watan Afrilu na garin nan, buɗaɗɗen tumatir da ya kwana biyu a tebur, ƙuda na sauka, ƙura na shiga, gefensa ya yi baƙi, sai a kankare fumfunar saman a ci gaba da sayarwa. Firji ba kowa ke da shi ba, mai shi ma ya ga yadda wuta ta zama a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wadda take ba Nijar. In kin buɗe naki a gida ya yi saura, juye shi a kwalba mai murfi, ki rufe samansa da mai, ki ƙarar da shi washegari. Wanda kuwa kika ga ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lanƙwashe a bakin haɗinsa, ko ya yi tsartuwa da kika huda shi, kada ki ɗanɗana ma. Akwai ƙwayar cutar da take girma inda babu iska, dafinta yana shanye jiki, kuma ba lallai a ji wari ba.

A ajina nakan sa yara su kawo gwangwanayen da aka gama da su, mu karanta jikinsu. Su nemo ranar ƙarewar wa'adi, su karanta abin da aka zuba a ciki. Nan muka gane cewa ba duk jan abu ne tumatir zalla ba: wasu sun rubuta sukari da sitaci da kala a jerin kayan haɗinsu. Iyaye mata da yawa ba sa karanta Faransanci ko Turanci, amma a kusan kowane gida yanzu akwai ɗan lakwal. A riƙa miƙa masa gwangwani kafin a buɗe.

Madarar gwangwani kuwa, wannan mai kauri mai zaƙi da mai shayi yake tsiyayawa, a bar ta a teburin mai shayi. Kusan rabinta sukari ne. Ba abincin jariri ba ce ko kaɗan. Ƙasar Madarumfa ta ga tamowa da idonta, wanda ya ga 2005 bai manta ba, kuma har yau ma'aikatan lafiya maganarsu ɗaya ce: nonon uwa zalla har wata shida.

Saura magana ɗaya, kuma a nan na fi kusa da tsofaffin. Mu mutanen bakin iyaka ne. Mun ga yadda aka rufe ta a watan Agustan 2019, mun sake gani bayan Yulin 2023, kuma duk lokacin da aka rufe, kayan kanti ne suke fara tashi. Sardin ɗinmu yawanci daga Maroko yake zuwa, tumatirin kuma mafi yawansa daga Sin. Ko masana'antar tumatir da aka buɗe a Kadawa ta jihar Kano a 2016 ba ta daɗe ba ta tsaya, bayan tsutsa ta cinye gonaki a shekarar. Abincin da sai ya hau jirgin ruwa ya ratsa ƙasashe kafin ya iso tukunyarka, ba a jingina gida gaba ɗaya da shi. Kauɗa kuwa, wato busasshen tumatir, ba ta san an rufe iyaka ba. Haka busasshiyar kuɓewa da kuka da zogale da yakuwa. Don haka da sanyi, lokacin da tumatir ya faɗi, ni ma yanka nake in shanya a tabarma mai tsabta, in ɗaure a buhu. Da damina in daka kauɗar in haɗa da cokali ɗaya na gwangwani: ita ta ba da ɗanɗano, shi ya ba da launi, ƙaramin gwangwani ya yi girki biyu.

Roƙona ga masu tebur a kasuwa da tasha shi ne su riƙa juye tumatirin cokali a mazubi mai murfi, su ajiye shi a inuwa, su buɗe gwargwadon abin da za su sayar a yini. Ma'aikatan tsabta na magajin gari kuma su riƙa zagaya kantuna suna duba wa'adi, su kwashe kumburarrun gwangwanaye kafin a karya musu farashi a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi.