Shawarar Wata: Fitilar Mota Ta Mutu, Ciwon Ya Warke Kuwa?

A wannan wata zancen mota za mu yi. Yau akwai ƙauyukan da suka haɗa kuɗi suka sayi mota. Akwai kuma mai biyan direba ya kai masa albasa daga Galmi, ko wake da bisashe zuwa kasuwar Maraɗi ko Damagaram. Idan motar ta mutu cikin daji, asarar ta kowa ce.

Gaban direba akwai allo, wanda ake kira tablo. A kansa akwai ƙananan fitilu. Ja tana cewa ka tsaya. Ruwan ɗorawa tana cewa ka je garaji ba da daɗewa ba. Ja mai siffar buta ta man inji ce. In ta kama ana tafiya, a kashe mota nan take, ko da kasuwa na gab da watsewa. Injin da ba mai cikin jikinsa yana iya ƙonewa cikin minti kaɗan.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce ruwan ɗorawa mai siffar inji. Tsohuwar Peugeot 404 ba ta da ita. Motocin yanzu kuwa suna da ƙaramar kwamfuta a ciki. Tana sauraren inji, tana auna iska da mai da hayaƙi. In ta ga abin da bai yi daidai ba, sai ta rubuta lamba ta ajiye, ta kunna fitila. A Amurka doka ta tilasta wannan tsari tun 1996. A ƙasashen Tarayyar Turai ya hau kan motocin esansi a 2001, na gazuwal a 2004. Tsofaffin motoci da yawa da ke yawo a Yamai da Tawa daga can aka kawo su.

Yaya ake karanta lambar? Ƙarƙashin sitiyari akwai wani baki mai rami 16. Nan makanike yake sa na'urarsa, wadda wasu ke kira balis. Lambar takan fito da harafi ɗaya da alƙaluma 4. Misali P0300 na nufin wuta ba ta kamawa daidai cikin inji. P0171 na nufin iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Amma ku lura, lamba ba ta faɗin abin da za a saya. Kamar akuya ce da ta ƙi cin abinci. Ka san ba ta da lafiya, sai an duba kafin a san ko tsutsa ce ko wani abu. P0300 tana iya zama buji, tana iya zama waya, tana iya zama man kwalba da aka garwaya da ruwa. Ƙurar hunturu ma tana toshe matatar iska.

To, bayan gyara, ta yaya fitilar ke mutuwa? Makanike yana iya goge lambar da na'urarsa, aikin da bai kai minti guda ba. Motar kuma tana iya kashe fitilar da kanta. Idan aka yi tafiya 3 a jere kwamfuta ta gwada wurin ba ta sake ganin ciwon ba, fitila za ta mutu. Lambar ita tana zama a ajiye har sai inji ya yi zafi daga sanyi wajen sau 40.

Nan ne ake cutar mutanen karkara. Goge lamba ba gyara ba ne. Wani ba ya taɓa inji ko kaɗan. Ya danna na'ura, fitila ta mutu, ya karɓi kuɗinka. Kwana biyu kana bisa hanya sai ta sake kamawa. Wani kuma kan batir yake cirewa na ɗan lokaci. A wasu motoci hakan na kashe fitilar, amma kwamfuta na manta abin da ta koya, agogo da rediyo su rikice, ciwon kuma yana nan inda yake. Abin da ya fi muni, an goge shaidar da makanike na gari zai bi ya gano ciwon.

Saboda haka, ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi amfani. Kafin a goge, ka ce a nuna maka lambar. Ka rubuta ta cikin littafin mota, da kwanan wata, da abin da aka canza. Ka karɓi tsohon ƙarfen da aka cire. In fitila ta dawo, sai a gwada: lambar dā ce ko sabuwa? In ta dā ce, gyaran bai yi ba, kana da bakin magana. Makanike mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Fitilar bidanji daban take. Ita kilomita da kwanaki take ƙirgawa, bayan an canza mai sai a maida ƙirgen farko.

Mai shirin sayen mota, ya juya makulli ba tare da ya tada inji ba. Fitilu za su kama, har da mai siffar inji, sannan su mutu idan inji ya tashi. In mai siffar inji ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Kada a biya sai an yi doguwar tafiya da motar, an kashe an tada sau da yawa, an kuma sa balis an duba.

In kuwa fitilar inji tana ƙiftawa, tana kamawa tana mutuwa, wannan ba na jira ba ne. Ɗanyen mai ne ke wucewa cikin bututun hayaƙi, yana ƙona matatar da ke ciki, kuma tana da tsada. Direba ya rage gudu, a rage kaya in da hali, a tsaya garaji na farko.