ZAUREN 'YAN MATA: Babin Da Malam Ya Tsallake

  

Kwanakin baya wata 'yar ƙanwata ta zo mana hutu, 'yar aji biyu ce a ƙaramar sakandare ta kwana, kuma ita ke zuwa ta ɗaya a darasin addini. Ranar nan na tarar da ita a ɗaki tana sharar hawaye. Da ƙyar na lallashe ta ta yi magana. Ashe tun zangon da ya wuce ta fara al'ada a makaranta, ba ta gaya wa kowa ba. Haka ta yi ta bin sahu a masallaci don kar ƙawaye su gane, wankan tsarkin ma ba ta iya ba.

Na ce, "Ke! Ba ku yi Ahalari a Islamiyya ba?" Ta ce, "Anti mun yi, amma da muka zo babin haila sai malam ya ce mu karanta a gida. A boko kuwa abin da zai fito a jarrabawa kawai ake ba mu." Wallahi sai jikina ya yi sanyi.

A 2017 an yi ta ka-ce-na-ce a ƙasar nan saboda an cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista cikin wani darasi guda tare da wasu fannoni, har gwamnati ta ba da umarnin a raba su. Madalla. To amma ina amfanin darasin in yarinya za ta ci jarrabawa, sallarta kuwa tana lalacewa? A makaranta yawancinku kuke balaga, don haka a can ya kamata littafin nan ya riske ku.

Ga shi kuwa babin bai da tsawo. A mazhabarmu ta Malikiyya, wadda ta fara al'ada iyakarta kwana 15. Wadda ta saba kuwa, in jinin ya wuce kwanakinta sai ta ƙara kwana 3, muddin ba ta haura 15 ba. Mai haila ba ta sallah ba ta azumi. Za ta rama azumi amma ba ta rama sallah. Sauran bayani sai a gaban malama.

Kada wata ta ce wai kunya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata 'yan'uwansu. Wa ya fi su kunya?

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu, in malam namiji na jin nauyi, a samo malama ta ɗauki babin nan. Ku kuma ƙannena, in an tsallake muku shafi, ku ɗauki littafin ku je wurin Umma, ko Yaya, ko uwar ɗakin kwananku. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.

Ita dai 'yar tawa mun zauna mun karance babin tas kafin ta koma. Ke fa?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, Antinku.