Kafin Gada Ta Zo, A Gyara Mana Bakin Fito

Kwanakin baya a ɗakin kwananmu wani abokina ya miƙo min waya yana cewa, "Kai, zo ka ga yadda masu kuɗi ke shan iska." Bidiyon Dubai Marina ne: fararen jiragen ruwa a jere kamar motoci a tasha, kowanne da wurin ɗaurinsa, ga fitilu, ga masauki a gefe. 'Yan ɗaki suna ta "Allah ya ba mu", ni kuwa tsarin wurin ne ya tsaya min a rai. A can akwai wanda ya san jirgin da ya shigo da wanda ya fita, kuma matafiyin da dare ya riska yana da inda zai sa haƙarƙarinsa. Waɗannan abubuwa biyu su ne babu a bakin ruwanmu, kuma rashinsu yana cin rayuka.

Ni ɗan fadama ne. Ƙauyenmu yana ta wajen Guri, kuma da zarar ruwa ya cika a watan Agusta, babu yadda za ka isa gida sai ta kwale-kwale. A wani hutun damina na bar Haɗejia da la'asar, mota ta lalace mana a hanya, ban isa bakin fito ba sai bayan magariba. Na tarar da mutane cunkus: mata da goyo, masu buhunan taki, babura biyu, har da akuya. Jirgi ɗaya ya rage. Na ce wa mai fiton, dattijo ne da ya san mahaifina, "Baba, anya kayan nan bai yi yawa ba?" Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, in na bar su, a ina za su kwana? A bakin ruwa da sauro? Shiga kawai, Allah na nan."

Na shiga. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Wani yaro yana ta kwarfe ruwa da yankakken galan, muna haska hanya da fitilar waya. A tsakiyar tafiya muka tarar kachalla ta toshe hanyar da aka saba bi, Baba ya karkata da gora, babur ɗaya ya zame, ruwa ya kwararo ciki. Salati kawai kake ji. Allah ya sa muna da sauran kwana, muka fita. Amma har yau tambayar Baba ba ta bar ni ba: a ina za su kwana?

Ya kamata mu fahimci irin ruwan da muke magana a kai. Kogin Haɗejia ya samo asali daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa. Daga garin Haɗejia zuwa gabas ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa kogin ke rarrabuwa. Reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, sauran ruwan kuma ya haɗu da kogin Jama'are ya zama Komadugu Yobe da ke gangarawa tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwan ya canza. Wuraren da a da suke bushewa da rani yanzu suna riƙe ruwa, kachalla ta samu gindin zama, tana toshe hanyoyi tana tura ruwa cikin gonaki da gidaje. Hanyar da mai fito ya bi bara ba lallai ta buɗe bana ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri ya san cewa a ƙasarmu kwale-kwale shi ne mota, shi ne motar asibiti.

Na san abin da wasu za su ce: gada ita ce magani. Gaskiya ne, kuma muna roƙon a gina. Sai dai gada aikin shekaru ne da maƙudan kuɗi, kuma babu gwamnatin da za ta ɗora gada a kan kowane reshe na wannan fadama. Kafin ta zo, mutane za su ci gaba da zuwa kasuwa da asibiti da biki. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano ba, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da jirgi ya kife a ruwan Watari ɗauke da ɗaliban Islamiyya, aka rasa sama da mutum 20, mafi yawansu yara. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Doka kuwa akwai ta. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ta sha nanata cewa an hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima, kuma dole kowa ya sa rigar kariya. To amma wa zai tabbatar da hakan a bakin fiton da ko rumfa babu? A Legas, inda jihar ta kafa hukumarta ta LASWA a 2008, a tashar jirgi ake miƙa wa fasinja rigar kafin ya taka ƙafa ciki. Doka tana buƙatar wurin zama, kuma wurin zamanta shi ne tasha.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, kowane babban bakin fito ya samu rumfa mai rufin kwano, da tabarmi, da gidan sauro, da fitila mai aiki da hasken rana, da ɓangaren mata daban. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Fatake a da suna sauka gidan fatoma su kwana har gari ya waye. Ranar da matafiyi ya san yana da makwanci, mai fito zai iya cewa "sai da safe" ba tare da jin ya yi zalunci ba.

Na biyu, a ja layin fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa shi an gama lodi. A Ingila wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka har aka yi dokar 1876 da ta wajabta irin wannan alama, kuma har yau manyan jiragen teku suna ɗauke da ita. Gwangwanin fenti nawa ne? Da layin nan, ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya cewa, "A'a, ni ba zan hau ba."

Na uku, littafi da biro a hannun wakilin Sarkin Ruwa: jirgin wane ya tashi, ƙarfe nawa, da mutum nawa. Rigunan kariya su zauna a rumfar, a ƙirga su safe da yamma, don kada su ɓace su koma kasuwa.

Kada kuma mu ɗora wa masu fito laifin duka. Mutumin da abincin gidansa ya dogara da kuɗin fito, in ka ce ya rage fasinja ka rage masa tuwo. Dole al'umma ta yarda a ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin, ƙananan hukumomi kuma su tallafa da jirage masu inganci. Mu fasinjoji ma mu ji tsoron Allah, mu ne masu cewa "haba Malam, ni kaɗai ne, matsa min." Tawakkali ba ganganci ba ne.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, ina ba da shawara mu zaɓi bakin fito ɗaya kafin damina mai zuwa. Mu je da ladabi wurin mai gari da Sarkin Ruwa, mu zauna da masu jirage, mu ji ta bakinsu. Kaɗan daga abin da muke kashewa a shagalin makon ɗalibai zai sayi fenti, littafi da riguna goma. Muna makarantar koyon fasaha. In ba mu iya auna jirgi mu ja masa layi ba, me za mu ce mun koya?

Tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai su sauka a dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar a 2008. Wata rana ƙila baƙi su riƙa biyo su a jirgi, su kwana a masaukanmu. Kafin nan dai, burina ƙarami ne: ranar da ƙanwata za ta iso bakin fito bayan magariba, Baba ya nuna mata rumfa ya ce, "Kwanta, 'yar nan, sai da safe."