Ku Bar wa Safiyarmu Hazonta

Duk mai bin shafukan matasanmu masu ɗaukar hoto a arewacin Kamaru ya san irin hotunan da ke yawo a lokacin hunturu: kogin Binuwai a Garwa da sassafe, ko duwatsun Rumsiki rana na leƙowa ta bayansu. Abin yabo ne matashi ya baro shimfiɗarsa cikin sanyi, ya idar da sallar asuba, ya nufi bakin kogi don ya adana mana kyan ƙasa. Sai dai da yawa daga cikin hotunan nan, in ka dube su, za ka nemi ƙasar da ka sani ka rasa. Sama ta yi shuɗi kamar an tsoma ta a karofi, ciyawar da ta bushe tun watan Nuwamba ta koma kore shar, dutse kuma an zagaye shi da wani farin zare kamar an yanko shi da almakashi an liƙa. Wannan aikin HDR ne da aka cika wa hannu.

Ga wanda bai sani ba, HDR dabara ce ta haɗa wuri mai tsananin haske da wuri mai duhu a hoto guda. Da hudowar rana sama na haske, ƙasa kuwa ba ta gama rabuwa da dare ba. Idon ɗan Adam yana iya ganin duka biyun, domin ƙwayarsa na buɗewa tana tsukewa yayin da yake kai kallo nan da can. Kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya: in ta bi sama, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, in ta bi ƙasa, sama ta ƙone fari fat. Shi ya sa ake ɗaukar hoto uku na wuri ɗaya: matsakaici, da wanda aka rage wa haske, da wanda aka ƙara wa, galibi ninki huɗu kowane gefe. Sai manhaja ta haɗa su. Amma hoton da muke aika wa juna a waya matakan haske 256 kawai yake da su a kowane launi, don haka dole a matse wannan tazara mai faɗi ta shiga cikinsu. A wurin matsewar ne hannun mai gyara ke shiga, nan kuma ake ɓarna.

Dabarar kanta tsohuwa ce, ba ni da ja da ita. Tun shekarun 1850 Gustave Le Gray na ƙasar Faransa yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik suka nuna a Amurka yadda kwamfuta za ta yi wannan haɗi da lissafi, a 2010 kuma Apple ya saka ta a wayar iPhone. Manufar ita ce hoto ya kusanci abin da ido ya gani. Mu kuwa mun mai da ita sabulun wanke hazo.

Hazo ba datti ba ne a fuskar hoto. Ƙura ce da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, wanda ke cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ita ke tausasa hasken safiya, ta mai da rana kamar faifai. Ita ke jera duwatsun Mandara sahu-sahu, na kusa da duhu, na bayansa ya fi shi dishi-dishi, har na ƙarshe ya narke cikin sama. Da wannan jeri ne ido ke gane nisa. Idan aka ja maɓallin kawar da hazo a Lightroom, ko aka ɗora tacen HDR na Snapseed har ƙarshe, sai sahun duwatsun ya zama ɗaya, zurfin hoton ya mutu, sama ta cika da tsaki-tsaki. Abin mamaki, safiyar hazo ita ce mafi ƙarancin buƙatar HDR, domin hazon ya riga ya rage tazarar haske da duhu.

Wani zai ce mai hoto ɗan fasaha ne, yana da ikon ƙawata aikinsa yadda ya so. Haka ne, amma sai ya faɗa mana zane ya yi. Da zarar ya rubuta “Garwa, yau da safe” a ƙarƙashin hoto, ya zama mai ba da shaida. Ɗan'uwanmu da ke unguwar Birketari a Yawunde, wanda ya shekara goma bai ga gida ba, da wannan hoton yake nuna wa 'ya'yansa inda ya fito. Kuma ƙasa na sauyawa: tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, tafiyar ruwan Binuwai ta bar yadda kakanninmu suka san ta. Galibin tsofaffin hotunan garuruwanmu baƙi ne suka ɗauka, Jamusawa da Faransawa, suka zaɓi abin da suka ga dama. Yau da kyamara ta zo hannunmu, bai kamata mu bar wa jikokinmu ƙasar da ba a taɓa yi ba.

Gyaran ba shi da wuya. A isa wurin kamar rabin awa kafin rana ta fito, lokacin da sama da ƙasa ba su yi nisa da juna a haske ba. A kafa kyamara a kan abin da ba ya motsi. In akwai masunta a kwale-kwale ko shanu na tsallaka ruwa, hoto ɗaya ya fi uku, domin abin da ke tafiya yakan fito biyu-biyu bayan haɗi. A bar inuwa ta zama inuwa. In an ga farin zare ya fito a gefen dutse ko bishiya, an wuce gona da iri, sai a ja da baya. Sannan a adana hoton asali kamar yadda ake adana takardar gona.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, mu yi hattara kada ganin ma ya zama abin da sai an nemi shaida a kansa. Allah Ya sa mu riƙe amanar abin da idanunmu suka gani.