Masu Zanen Barkwanci Na Meksiko Da Jarrabawar Kusantar Mulki

Tun daga 2018, lokacin da Andres Manuel Lopez Obrador ya ci zaɓen shugaban ƙasar Meksiko a ƙarƙashin jam'iyyar Morena, wata muhawara ta taso a tsakanin 'yan jaridar ƙasar game da matsayin masu zanen barkwanci na siyasa. Dalili kuwa shi ne, waɗansu daga cikin fitattunsu, waɗanda suka yi shekara da shekaru suna caccakar gwamnatoci, sun wayi gari ɓangaren da suke goyon baya ne ke riƙe da ragamar mulki. A wannan shekarar ce aka ba Rafael Barajas, wanda aka fi sani da El Fisgon, shugabancin cibiyar horar da 'ya'yan jam'iyyar Morena. Jam'iyyar ta sake cin zaɓe a 2024, inda Claudia Sheinbaum ta hau kujera.

Ba za a gane nauyin wannan muhawara ba sai an waiwayi tarihi. A zamanin mulkin Porfirio Diaz, wanda ya ƙare a 1911, yawancin mutanen Meksiko ba su iya karatu ba, saboda haka hoto shi ne jaridar talaka. Jose Guadalupe Posada ya yi ta zana ƙwarangwal sanye da kayan attajirai da na manyan gwamnati, ana bugawa a takardu masu araha, don ya nuna cewa mutuwa ba ta san mai kuɗi ba. Ya rasu a 1913 cikin talauci, amma ƙwarangwal ɗinsa ta mace mai ƙatuwar hula, wadda Diego Rivera ya sa a zanensa na bango a 1947, ta zama alamar bikin tunawa da matattu na ƙasar. Haka nan jaridar barkwanci ta El Hijo del Ahuizote, wadda aka kafa a 1885, ta sha rufewa, editocinta kuma suka sha ɗauri.

Bayan juyin juya halin 1910, jam'iyya guda, wato PRI, ta yi mulki daga 1929 har 2000. Ba kullum take amfani da kurkuku ba. Makamanta su ne takardar buga jarida, wadda kamfanin gwamnati mai suna PIPSA ya mallake cinikinta tun daga 1935, da kuma kuɗin tallace-tallacen hukuma. Duk da haka, ran 3 ga watan Oktoba na 1968, washegarin ranar da sojoji suka buɗe wuta a kan ɗalibai a dandalin Tlatelolco, Abel Quezada ya cika gurbin zanensa a jaridar Excelsior da baƙin tawada, ya rubuta tambaya guda a samansa: "Don me?" Shi kuwa Eduardo del Rio, wato Rius, jami'an tsaro sun sace shi a 1969, suka yi masa barazanar harbi. Wannan bai hana shi fitar da littafinsa mai hotuna a kan Karl Marx a 1972 ba, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1976, ya kuma zama tushen jerin littattafan koyar da ilmi mai wuya ta hanyar zane a ƙasashe da dama.

Rogelio Naranjo ya ci gaba da wannan aiki a mujallar Proceso, wadda Julio Scherer ya kafa a 1976 bayan an tumɓuke shi daga Excelsior. A 1982 Shugaba Jose Lopez Portillo ya janye tallan gwamnati daga mujallar, bisa hujjar cewa ba zai biya kuɗi a riƙa dukansa ba.

To, wannan gado ne magada ke jayayya a kansa. Masu goyon bayan Barajas suna cewa Posada da Rius ba su taɓa zama 'yan ba-ruwanmu ba, gefen talaka suka tsaya, kuma har gobe akwai masu ƙarfi a waje da gwamnati, kamar attajirai da masu manyan gidajen talabijin, waɗanda suka cancanci ba'a. Masu suka kuwa suna ganin cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mai zane da ke riƙe da muƙamin jam'iyya ba zai iya zana shugabanta kamar yadda Naranjo ya zana shugabannin PRI ba. Aikin sukar gwamnati ya fi komawa hannun irin su Paco Calderon na jaridar Reforma.

Hujjar masu suka ta fi ƙarfi, domin abin da ya ba waɗannan zane-zane daraja a idon jama'a shi ne sanin da aka yi cewa mai zanen yana iya rasa aikinsa ko 'yancinsa a kansu. Mai karatun da ya san mai zane yana karɓar aiki daga jam'iyya mai mulki zai yi dariya, amma ba lalle ne ya gaskata ba. Ma'aunin da zai raba gardama shi ne ko waɗannan masu zane za su taɓa gwamnatin Morena a kan batutuwan da suka fi damun jama'a, musamman kisan 'yan jarida da ɓatan dubban mutane, kamar yadda suka taɓa gwamnatocin da suka gabace ta.