Sana'ar Gashi Da Zaman Iyali

A wannan wata za mu taɓo sana'ar gashi, wadda ta fito da sunan unguwarmu ta Briketeri a duk faɗin Yawunde. Ko kalmar "soya" da kowa ke faɗi a Kamaru, daga "suya" ta Hausa ta samo asali. Shanu su zo daga Adamawa, mahautanmu su yanka, a soke tsire, a barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da citta da barkono, a jera a bakin wuta.

To, amma masu saye sun sake hali. A da, namiji ne kan tsaya a naɗe masa balangu a takarda ya wuce. Yanzu magidanci kan zo da maiɗakinsa da yara, su zauna su ci a faranti ɗaya, da albasa da gasasshiyar ayaba ko bobolo. Irin wannan iyali ba sa tsayawa cikin hayaƙi a bakin kwata. Sai su nufi gidan abinci mai kujeru da ruwan wanke hannu, inda sau da yawa mai gashin ɗanmu ne da aka ɗauka aiki, riba kuwa ta mai wurin.

Saboda haka muna kira ga masu gashinmu su haɗu, uku ko huɗu, su yi adashi su kama shago. A sa tebur da benci, a ajiye buta da sabulu, a rufe nama saboda ƙuda. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.