Daga Wa Ka Ɗauka?

Ɗalibai da yawa a sashenmu suna kallon ambaton madogara tamkar wani nauyi da karatun boko ya ɗora mana, abin da ake yi don kawai a tsira daga idon alƙalan kundi. Ni kuwa ina ganin gado ne namu tun kafin zuwan boko.

Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, tana kusa da Galmi, ba wata tafiya mai nisa ba daga Tajaye. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, domin ya jera malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da littattafan da ya karanta a gabansu. Mervyn Hiskett ya buga shi tare da fassarar Ingilishi a 1957, kuma da shi ake gane irin karatun da ake yi a ƙasar nan kafin jihadi. A wurin malaman wancan zamani, ilimin da ba a san daga wa aka karɓo shi ba abin tuhuma ne.

Satar da ta fi damuna a yau ita ce ta hanyar fassara. Ɗalibi ya samo kundin da aka rubuta a Kano ko Zariya, ya juya shi zuwa Faransanci, ya sauya sunan gari, ya miƙa. Manhajojin gano kwafi galibi kalma suke gwadawa da kalma, saboda haka sau da yawa fassara takan wuce su salin alin.

A kimiyyar harshe ɓarnar ba ta tsayawa a kan mai aikin da aka zalunta. A ce kundi ya yi iƙirarin nazarin Hausar Tajaye, amma misalansa duk "yana" da "fara" da "biyar" da "ne" da "ce", alhali a bakin mutanen yankin "shina" da "hwara" da "biyat" da "na" da "ta" ake ji. Duk wanda ya karanta aikin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar zai gane nan take cewa ba a je Tajaye ba. To, wanda bai karanta ba fa? Zai ɗauki misalan da gaske, ya yanke hukunci cewa Kananci ya haɗiye Adaranci, wani kuma ya ambace shi, ƙarya ta shiga ɗakin karatu da rigar bincike. Fitar da ita ya fi shigar da ita wuya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma haƙƙin da muke yawan mantawa: na tsohuwar da ta ba mu karin magana, da makiyayin da ya yi haƙuri muka naɗi muryarsa. Muna ambaton Bargery da shekarar 1934 da lambar shafi, su kuwa sai mu dunƙule su a "masu ba da bayani". Idan sun yarda, a rubuta sunansu. In ba su yarda ba, a rubuta garinsu da shekarunsu da ranar da aka zanta.

Ga malamanmu, tare da girmamawa, roƙona ɗaya ne: a wajabta wa duk mai kundin nazarin karin harshe ya miƙa muryoyin da ya naɗa tare da rubutunsa, kuma a ranar kare kundi a zaɓi misali biyu ko uku a ce ya kunna a saurara.